Rabin Maganar Likita

Sharaɗi ɗaya Baba ya kafa, kuma a gaban tattabarunsa ya kafa shi.

Tun da ciwon gwiwa ya raba shi da tuƙin babbar mota, ba shi da wani aiki sai kiwon tattabaru a tsakar gida. Ya san uwar kowacce, ya san ubanta, har kakanninta yana iya lissafa maka. Idan ƙwai ya fashe ɗa ya fito da launin da ba na iyayensa ba, Baba ba ya dogon bincike. Cewa yake wani baƙon namiji ne ya sauko daga rufin maƙwabta ya yi ɓarna ya gudu.

A wurin nan Mai Hoto ya durƙusa ran da ya zo neman auren Auta, 'yar Baba ta ƙarshe.

Mai Hoto dogon saurayi ne marar yawan magana. Shagonsa yana kallon shagon da Auta take ɗinkin kayan jarirai, titi ne kawai ya raba su. Idonsa na hagu na gilashi ne. Tun yana goye aka cire na ainihin, saboda ciwon daji da ya tsiro a cikinsa, na daman ma da ƙyar likitoci suka ceto shi. Abin mamaki, idon gilashin ya fi na gaskiyar kyau. Yana sheƙi kamar ruwan rijiya da hantsi, ba ya ja, ba ya gajiya. In mai shi ya yi kuka, shi ma hawaye yana fita ta gefensa, ga shi kuwa bai ga abin da ake yi wa kukan ba.

"Yaro, ba don ido na tsaya ba," in ji Baba a ranar, yana watsa hatsi. "Na taɓa zama da makahon da ya fi ni sanin hanya. Iri nake tsoro. Ka kawo mini shaida daga bakin likita cewa ciwon nan babu shi a jinin mahaifinka, babu shi a jinin mahaifiyarka, ni kuma in ba ka Auta. In kuwa yana nan, ka yi haƙuri, kada ka sake tako mini gida da wannan maganar."

Mama tana jin su ta tagar kicin. Ba ta bari ya kai ƙofa ba ta ɗaga murya, wai da Auta take.

"Ga Mai Kemis nan da idonsa biyu da motarsa, kullum yana hanyar gidan nan da maganin hawan jinin ubanki, kin tsaya kina ɓata wa kanki lokaci. Ni dai na faɗa, ba zan goya jikan da za a ƙwaƙule wa ido ba."

Iyayen Mai Hoto ba su yi musu ba. Suka je asibiti aka ɗebi jininsu, aka ɗebi nasa, aka aika wani wuri mai nisa inda ake da na'urar dubawa. Aka yi ta jira, wata ya bi wata. Auta ta rame har sai da ta zauna a kan kekenta ta rage wa rigunanta faɗi da hannunta.

Yau aka kira su.

* * *

Ɗakin Likita ƙarami ne, fanka tana juyawa a sama kamar ba ta so. A bango an manna zanen wani ƙaton ido da aka raba biyu kamar albasa, jijiyoyi ja da shuɗi sun kewaye shi. Mai Hoto ya zaɓi kujerar da za ta mai da zanen ɓangarensa na hagu, inda ba ya gani.

Likitar mace ce, gajeriya, furfura ta fara leƙowa ta goshinta. Ta gaishe su, ta cire tabarau ta ajiye.

"Malam, mun duba jinin mahaifinka, mun duba na mahaifiyarka. Ba mu ga abin a ko ɗaya ba."

Auta ta dafe ƙirji. Dariya ta taso mata, kuka ya riga ta fita.

"Mai Hoto, ka ji? Ka ji abin da ta ce ko?"

"Ban gama ba, Malama," in ji Likita a hankali. "A nasa jinin mun gani."



"Ban gane ba," in ji Mai Hoto. "Ai an cire idon. Tun ban san kaina ba aka cire shi."

"Ciwon aka cire. Abin da ya buɗe wa ciwon ƙofa ba a ido kaɗai yake ba, yana ko'ina a jikinka."

"To daga ina ya zo?" Auta ta tambaya tana share fuska da bayan hannu. "Babu a uwa, babu a uba. Daga sama ya faɗo?"

Likita ta dubi jakar da ke kan cinyar Auta.

"An ce mini ke tela ce. Ara mini jakar nan."

Ta karɓa, ta ja zif ɗin ta buɗe, ta mayar ta rufe.

"Jikin mutum ƙwayoyi ne ƙanana da ido ba ya gani. A cikin kowacce akwai wani dogon zare mai ɓari biyu a haɗe, kamar haƙoran zif ɗin nan. Shi ne DNA da kuke ji ana faɗa. A jikinsa aka rubuta yadda za a gina mutum da yadda zai ci gaba da rayuwa. To rubutun ba ya karantuwa a rufe. Duk lokacin da ƙwaya take bukatar wani abu, sai an buɗe zif ɗin a daidai wurin, a karanta, a rufe. Yanzu haka da muke zaune ana ta yi a jikinmu, ba hutu. Malama, a aikinki wane zif ne aka fi kawo miki gyara?"

"Wanda aka fi buɗewa," in ji Auta, murya can ƙasa. "Kuma daga bakinsa yake fara lalacewa."

"Kusan haka masu bincike suke gani a nan ma. Sa'ad da yake buɗe, ɓari ɗaya yana tsaye ba kariya, abu kaɗan sai ya taɓa shi. Akwai masu gyara a cikin ƙwayar, kuma kusan duk ɓarnar suna gyarawa. Amma jefi-jefi ɗaya takan kuɓuce musu, haƙori ɗaya ya sauya, a rufe a haka. In a ƙwayar fata ko ta hanta ya faru, yawanci ba ya yin komai, wani lokacin kuma shi ne mafarin ciwon daji, amma a kan mai shi yake tsayawa. In kuwa a ƙwayar haihuwa ya faru, ta namiji ko ta mace, ɗan da aka samu daga ita zai ɗauki kuskuren a duk jikinsa, alhali iyayensa lafiyarsu ƙalau."

"Wato ni," in ji Mai Hoto.

"Wato kai. Ba zan rantse cewa ta wannan hanyar naka ya auku ba, akwai wasu hanyoyin. Amma a ƙwaya ɗaya tak ya fara, ko daf da samun cikinka, ko a farkon-farkonsa. Ba wani abu mahaifinka ya ci ba, ba wani abu mahaifiyarka ta yi ba. Jiki ne yana cikin aikinsa hannu ya goce."

Mai Hoto ya yi wani ɗan murmushi marar daɗi.

"Da ya zauna bai yi aikin ba fa, Likita?"

"Da ba a haife ka ba. Gawa ce kaɗai ba a buɗe nata zif ɗin."

Auta ta ɗago, ta tambayi abin da ya kawo su.

"'Ya'yanmu fa?"

"Kowane ciki rabi da rabi ne, ko ya ɗauko, ko bai ɗauko ba. Wanda ya ɗauko, mafi yawanci ciwon yakan fito masa a ido yana ƙarami. Amma ku ji ni da kyau, yanzu ba kamar da ba ne. In mun sani tun daga haihuwa, za mu riƙa duba idon a kai a kai, mu kashe abin tun yana ɗigo. Yawancinsu suna rayuwa, da yawa ma da ganinsu."

"Yawancinsu," Auta ta maimaita.

"Yawancinsu. Ba zan ce miki duka ba."

Ta miƙa mata jakarta. Auta ta karɓa da hannu biyu kamar an ba ta abu mai zafi.

* * *

 Da suka sauka daga motar haya Auta ba ta buɗe shagonta ba, ta bi shi nasa, ya turo ƙofa ya bar ta a ɗan buɗe.

A bangon ciki akwai labulen da mutane suke tsayawa a gabansa a ɗauke su. An zana teku a jiki, da wani farin bene mai matakala wadda ta hau sama ta ɓace cikin gajimare. Mutane da yawa sun tafi gida da hotonsu a ƙofar benen nan da ba a taɓa ginawa ba. Auta ta zauna a kujerar masu hoto, tekun yana bayanta.

"Me Baba ya ce ka kawo masa?" in ji ta.

"Kin sani."

"Faɗa mini dai."

"Shaida cewa babu a jinin mahaifina, babu a jinin mahaifiyata."

"Akwai?"

"Babu."

"To shi ke nan. Abin da ya tambaya shi za mu ba shi. Ba ƙarya muka yi ba."

"Auta."

"Kada ka ce mini Auta." Hawaye suka ɓalle mata. "Ka san abin da na sha a gidan nan? Ka san sau nawa Mama ta tura ni falo in kai wa Mai Kemis shayi, ina zaune yana ba ni labarin motarsa? Yayyena sun daina kirana. In na shigo ɗaki sai hira ta mutu. Na haƙura da duk wannan saboda yau, yau ɗin ta zo, Likita ta faɗi abin da muke roƙo, kai kuma kana so ka ɗauki ɗaya rabin ka kai wa Baba a faranti."

"Ba jinin iyayena ne ya dame shi ba. Jikokinsa yake tambaya, bai dai san yadda zai tambaya ba."

"Ba ruwana da abin da yake nufi. Abin da ya faɗa na ji."

Mai Hoto ya jawo akwatin fitila ya zauna a gabanta. Ya juya fuskarsa yadda idonsa mai gani zai same ta sosai.

"Akwai wani gwangwanin alewa a ƙarƙashin gadon mahaifiyata. Kin san abin da ke ciki? Tsofaffin idanuna na gilashi. Yaro yana girma, ramin idon yana girma, sai a yi masa wani. Ta ƙi zubar da ko ɗaya. Na farkon bai wuce maɓallin riga ba. Ran nan na shiga ban yi sallama ba, na same ta ta zube su a kan zani tana gogewa ɗaya bayan ɗaya, duka suna kallonta."

Auta ta rufe fuska.

"Ita faɗo mata abin ya yi," ya ci gaba. "Ba wanda ya zaunar da ita ya ce rabi da rabi. Mu an zaunar da mu."

"To ai ga ka," in ji ta cikin kuka. "Ka rayu, ka girma, na tsallako titi in ɗauki hoton katin shago na gan ka na rasa hanyar komawa. Da an zaunar da mahaifiyarka ta ji tsoro ta fasa, wa zan so? Faɗa mini, wa zan so?"

 Hawaye ya gangaro masa ta ɓangare biyu, idon da ke gani da wanda ba ya gani.

Can ya ce, "Ke kin yarda?"

"Da me?"

"Ba Baba ba, ba Mama ba. Ke. Kin ji duk abin da Likita ta ce. Kin yarda?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Wa ya rame? Wa aka daina yi wa magana a gidansu?"

"Ban ce ba kya sona ba."

"To ka bar ni." Ta kama bakin mayafinta tana murzawa. "In Baba ya sa albarka sai mu shiga kawai, abin da ya zo mu ce haka Allah ya rubuta. Kada ka sa ni in zauna ina aunawa. Kullum jarirai ake kawo mini in gwada musu riga, ina ɗaga su, suna kallona da idanun nan nasu. In na fara aunawa…"



"In kin fara aunawa me?"

"Ka yi mini alkawari za ka yi shiru. Ni zan yi magana. Kai dai ka durƙusa ka sunkuyar da kai, ai ka iya."

"Auta, mutumin nan bai taɓa yi mini ƙarya ba."

"Ni ma ban taɓa roƙonka komai ba. Yau na roƙe ka."

Ya kalli matakalar da ke bayanta.

"Zan yi ƙoƙari," in ji shi.

* * *

Rana ta yi sanyi lokacin da suka isa gidan Baba. Motar Mai Kemis tana ƙofa, an wanke ta tana ƙyalli.

A tsakar gida suka same su. Baba yana kan kujerarsa ta roba kusa da kejin tattabaru, ya naɗe hannun riga, Mai Kemis yana tsugune yana auna masa jini. Mama tana tsaye a bakin ƙofar kicin da wuƙa da albasa a hannu.

Mai Kemis mutum ne mai tumbi da turare, ba ya rabuwa da murmushi ko yana zagin mutum.

"A'a, mai ɗaukarmu ne," in ji shi. "Ya kasuwa? Yanzu da kowa yake da waya a aljihu, ai sai haƙuri."

"Kasuwa ai taku ce," in ji Mai Hoto, "tun da ciwo ba ya ƙarewa."

Baba ya yi 'yar dariya ta hanci. Ya zare hannunsa daga abin awon.

"To, me kuka samo?"

Mai Hoto ya cire takalmi ya durƙusa, ya sunkuyar da kai. Auta ta durƙusa nesa da shi kaɗan.

"Baba, Likita ta ce ta duba jinin mahaifinsa, ta duba na mahaifiyarsa. Babu abin a ko ɗaya."

"Da bakinta ta faɗa?"

"Da bakinta, Baba. A gabana."

Mama ta ajiye wuƙar. "Likitocin yanzu, wa ya san abin da suka duba?"

"Ke, uwar yara, ba da ke nake ba."

Mai Kemis ya naɗe abin awonsa a hankali, ya sa a jaka. Murmushin yana nan, amma ya bushe.

"To, madalla. Allah ya sa alheri. Baba, ƙwaya ɗaya da safe, kada a manta. Mama, sai na leƙo."

Ya fita. Suka ji tashin motarsa.

Baba ya jingina, ya sauke numfashi mai tsawo, kamar wanda ya sauke kaya bayan doguwar tafiya. Fuskarsa ta saki. Auta ba ta ga wannan fuskar ba tun kafin a fara maganar.

"Yaro, ka yafe mini. Na wahalar da kai, na wahalar da tsofaffinka, na sa an huda musu hannu a banza. Wallahi ban ƙi ka ba ko na rana ɗaya. Barci ne ba na iya yi in na tuna wani ɗan abu a hannun Auta ana shiga da shi ɗakin tiyata. Yanzu hankalina ya kwanta. Na daɗe ina kiwo, na sani, abin da babu a uwa, babu a uba, ba ya shiga ƙwai."

Auta ta ga kafaɗar Mai Hoto ta motsa. Ta yi masa kallon roƙo, amma ta hagunsa take, ba ya ganinta.

"Yana shiga, Baba," in ji shi.

"Me ka ce?"

"Mai Hoto," in ji Auta.

"Yana shiga. Iyayena ba su da shi, gaskiya ne, Auta ba ta yi ƙarya ba. Amma ni ina da shi. Likita ta ce a kaina ya fara, tun ina ƙwaya ɗaya. Jiki yana buɗe rubutunsa yana karantawa, a wajen buɗewar nan wani lokaci kuskure yake shiga, ba sai an gada ba. Ni ban gada ba, Baba, amma za a gada daga gare ni. Kowane ɗa rabi da rabi. Ta ce ana iya tarar abin da wuri, yawanci suna rayuwa. Ba ta ce duka ba."

"Ai na faɗa," in ji Mama, amma a hankali ta faɗa, ba ta ji daɗin cin gardamar ba.

Baba bai dube ta ba. Ya juya yana kallon kejin, inda wata farar tattabara take kwance a kan ƙwanta tana lumshe ido.

"Wato ba sai baƙo ya sauko ba," in ji shi, kamar da kansa yake.

 Auta tana kuka ba sauti, hawaye suna ɗiga a kan siminti.

"Wa ya tilasta ka ka faɗa mini?" Baba ya tambaya.

"Ba kowa."

"Ka san da ka yi shiru da ka tafi da ita."

"Na sani, Baba."

Baba ya shafa gemunsa, ya gyara zama.

"To ku ji. Na ce in babu a jinin mahaifinka, babu a jinin mahaifiyarka, zan ba ka Auta. Babu ɗin ne. Ban taɓa saɓa maganata ba, ba kuma zan fara a kan mutumin da ya faɗa mini gaskiyar da za ta kashe shi ba. Maganata tana nan."

"Malam," in ji Mama.

"Na ce ba da ke nake ba." Ya juya wajen 'yarsa. "Amma ni ba ni zan ɗauki cikin ba. Ba ni zan riƙe yaro a layin asibiti ba, wataƙila ma lokacin ba na duniya. Da ina tsammanin ni ne zan tsare ki, ashe ba abin da zan iya tsarewa. Auta, ɗago ki dube ni."

Ta ɗago.

"Kin ji maganar duka, ba rabi ba. Ba wanda zai hana ki, ba wanda zai sa ki. Ki ce mini kin yarda, sau ɗaya, yanzun nan in shiga in sa riga in tafi wurin mahaifinsa. Uwarki ta yi fushinta ta gama."

Watanni Auta tana mafarkin wannan rana. Ta sha tsara yadda za ta faɗa, a kan keke, a gaban madubi, a cikin mota. Kalma biyu ce, ko ƙaramin yaro yana iya faɗarta.

Ta buɗe baki.

Mai Hoto ya juyo da fuskarsa gaba ɗaya don idonsa na dama ya same ta. Ta dube shi, ta dubi ɗayan idon, mai kyan nan, mai sheƙin nan da ba ya ganin kowa.  Ta rufe bakin, ta sake buɗewa.

Tattabaru suna ta gurnani a cikin keji. Mama ta sunkuyar da kai, ko ita ba ta sa baki ba.

"Muna jinki," in ji Baba a hankali.

"Baba, ni… ina sonsa."

"Na sani. Ba shi na tambaye ki ba."

Ta sa hannu biyu ta toshe bakinta, kukan ya ƙwace.

Mai Hoto ya jira. Ya jira har inuwar katanga ta hau gwiwarsa. Sannan ya dafa ƙasa ya miƙe.

"Baba, a bar ta. Kada a matsa mata. Na gode da yadda aka karɓe ni."

Ya sa takalmi, ƙafa ɗaya, sannan ɗayar. Ya gaida Mama, ta amsa ba ta ɗago ba. Ya nufi ƙofa.

"Mai Hoto, tsaya," in ji Auta.

Ya tsaya, hannunsa a kan ƙofar, bai juyo ba.

Baba ya dube ta. Mama ta dube ta. Shi kuma yana tsaye ya ba ta baya, ya karkatar da kunne, yana sauraron abin da zai biyo bayan tsaya ɗin.

Ba abin da ya biyo.